Darasi: Ƙwayoyin Ciki Masu Amfani da Yaƙi da Tsutsar Ciki

Manufar darasi

Idan muka kammala wannan darasi, ana sa ran kowane ɗalibi zai iya:

1. bayyana yadda tsutsar ciki ke shiga jiki da irin ɓarnar da take yi;
2. faɗin abin da ake kira furobayotik da inda ake samunsa;
3. bayyana inda bincike ya kai a kan amfani da shi wajen yaƙi da tsutsa;
4. auna maganar mai tallar magani kafin ya fitar da kuɗinsa.

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan an fara ganin wasu ƙwayoyi da garin magani a kemis da kuma a intanet, ana cewa suna ɗauke da ƙananan halittu masu rai da ke gyara ciki. Wasu masu talla har cewa suke yi suna kashe tsutsa. Maganar ba daga sama ta faɗo ba, domin akwai masana a ƙasashe da dama da suka daɗe suna bincike a kanta, kuma sun ga abubuwa masu ƙarfafa gwiwa. Sai dai tsakanin abin da aka gani a ɗakin gwaji da abin da uwa za ta ba ɗanta ya sha, akwai tafiya mai nisa. Wannan darasi zai nuna mana inda aka kwana a tafiyar, don mu san abin da za mu sa rai da shi da kuma abin da za mu riƙe a yau.

1. Tsutsotsin da ake ɗauka daga ƙasa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kimanin biliyan 1.5, wato kusan kashi 24 cikin 100 na al'ummar duniya, suna ɗauke da tsutsotsin ciki da ake ɗauka daga ƙasa. Sun fi yawa a wurare masu zafi na Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, inda ruwa mai tsabta da salga suka yi ƙaranci. Iri uku ne suka fi addabar mutane.

Na farko shi ne macijin ciki, wanda masana ke kira Ascaris lumbricoides. Shi ne dogon nan da iyaye kan gani a kashin yaro, wani lokaci ma ya fito ta baki ko ta hanci. Tsawonsa yakan kai santimita 35. Ta biyu ita ce tsutsa mai ƙugiya. Ƙarama ce, kimanin santimita 1, amma tana maƙalewa a bangon hanji tana shan jini, kuma 'ya'yanta ta fatar ƙafa suke shiga jikin mai yawo ba takalmi. Ta uku ita ce tsutsa mai bulala, wadda ake kira Trichuris, mai cusa siririn kanta cikin bangon babban hanji.

Wanda ke ɗauke da 'yan kaɗan yana iya yin shekaru bai sani ba. Idan suka yi yawa kuwa, alamu ba sa ɓoyuwa. Yaro yana ci amma ba ya kumari, ciki ya fito, ga kasala, ga gudawa, a aji kuma hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Mace mai juna biyu takan faɗa cikin ƙarancin jini a lokacin da ta fi bukatarsa. Macijin ciki yakan dunƙule ya toshe hanjin ƙaramin yaro, har sai an kai ga tiyata.

2. Tafiyar macijin ciki a jikin mutum

Macen macijin ciki guda ɗaya tana zuba ƙwai kimanin 200,000 a rana. Ido ba ya ganinsu, kuma tare da bayan gida suke fita. Idan an yi bahaya a fili, ko an kai takin da bai ruɓe ba lambu, ko an yi ban-ruwa da ruwan kwata, sai ƙwan ya zauna a ƙasa mai laima da inuwa. Cikin 'yan makonni ya nuna, kuma saboda taurin ɓawonsa yana iya yin shekaru da ransa. Yaro ya yi wasa a wurin ya zo ya ci tuwo bai wanke hannu ba, ko a yanka latas da kabeji ba a wanke su da kyau ba, shi ke nan ƙwai ya sami shiga.

A cikin hanji ƙwan zai ƙyanƙyashe. 'Yar tsutsar ba ta tsayawa nan. Sai ta huda bangon hanji, ta bi jini zuwa hanta, daga can ta wuce huhu. Bayan kamar mako biyu ta hauro maƙogwaro, mutum ya yi tari ya haɗiye ta bai sani ba. Ta sake komawa hanji ta girma. Wata biyu zuwa uku da haɗiye ƙwan, ita ma ta fara zuba nata. Takan yi shekara ɗaya zuwa biyu a cikin mutum.

A lura da wannan da kyau: waɗannan tsutsotsi uku ba sa hayayyafa a cikin ciki. Kowace tsutsa da ke jikin yaro daga waje ta shigo. Yawan tsutsar da ke cikin yaranmu yana gaya mana yadda ƙasar gidajenmu da unguwanninmu take.

3. Maganin da ke hannu da inda ya gaza

Akwai magani, kuma yana da araha: albendazol mai miligiram 400 ko mebendazol mai miligiram 500, ƙwaya ɗaya tak. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara sau ɗaya a shekara a yankin da masu tsutsa suka kai kashi 20 cikin 100, sau biyu kuma inda suka wuce kashi 50. Shi ne wanda ake rabawa a makarantun firamare da kuma lokacin makon lafiyar mata da ƙananan yara. Miliyoyin yara sun ci moriyarsa.

Amma yana da iyaka ta fuska uku. Ta farko, ƙarfinsa ba ɗaya ba ne a kan kowace tsutsa. Ƙwaya ɗaya ta albendazol tana gamawa da macijin ciki kusan baki ɗaya, tana rage mai ƙugiya sosai, amma mai bulala takan sha da ƙyar a yawancin lokuta. Ta biyu, wadda ke ciki kawai yake kashewa, ba ya tare wa sabuwa hanya. Inda ƙasa ke cike da ƙwai, kafin shekara ta zagayo yawancin yaran da aka ba magani sun sake kamuwa da macijin ciki. Ta uku ita ta fi tayar wa masana hankali: tsutsa tana iya daina jin magani.

Masu kiwo sun riga kowa ganin wannan. Tumaki da awaki suna da tasu tsutsar mai shan jini, Haemonchus contortus, wadda ke zama a sashe na ƙarshe na tumbi, kuma da damina ta fi ɓarna. Kowace guda tana zuƙe kimanin mililita 0.05 na jini a rana. Ke nan tsutsa 1,000 za su raba tunkiya da mililita 50 kullum. Sai ka ga dabba ta rame, ƙasan haɓarta ya kumbura, daga nan ta kwanta. An fito da maganin tiyabendazol a shekarar 1961, cikin 'yan shekaru kaɗan aka fara samun tsutsar da ba ta jin sa. A yau akwai wuraren kiwo a Afirka ta Kudu da Ostireliya da Burazil inda magunguna iri-iri suka daina tasiri. Dalilin a fili yake. Duk ranar da aka ɗura wa garke gaba ɗaya magani, raunanan tsutsotsi su mutu, 'yan kaɗan masu taurin rai su saura. Su ne za su zuba ƙwai, zuriyarsu ce kuma za ta cika makiyaya.

Don rage wannan matsala, likitocin dabbobi na Afirka ta Kudu suka ƙirƙiro wani kati mai suna FAMACHA, mai launi biyar daga ja zuwa fari. Mai kiwo zai kama tunkiya a hasken rana, ya ja fatar idonta ta ƙasa, ya gwada launin cikinta da katin. Wadda nata ya yi ja a sake ta. Wadda nata ya koɗe ita za a ba magani. Ta haka maganin yake daɗewa yana aiki, kuɗi ma ya ragu.

Albendazol da mebendazol da muke ba yaranmu 'yan gida ɗaya ne da tiyabendazol. Shi ya sa masana ke neman ƙarin hanyoyi tun kafin abin da ya sami garke ya sami mutane. Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce ta ƙwayoyin ciki masu amfani.

4. Mene ne furobayotik?

Cikin kowane mutum mai lafiya cike yake da ƙananan halittu masu rai da ake kira bakteriya. Wani ƙiyasi da aka yi a 2016 ya nuna sun kai kimanin tiriliyan 38 a jikin babban mutum, mafi yawansu a babban hanji. Akasarinsu ba sa cutarwa. Suna narka abincin da cikinmu ya kasa narkawa, suna samar da wasu sinadaran bitamin, suna cike wuri don kada miyagun ƙwayoyi su sami mazauni, suna kuma horar da garkuwar jiki.

Mun san aikin irin waɗannan halittu a gida. Mai yin kindirmo takan tafasa madara, ta bar ta ta huce har yatsa ya iya shiga, ta zuba ɗan ragowar na jiya, ta rufe ƙwarya da faifai ta ajiye a wuri mai ɗumi. Da safe madara ta yi kauri ta yi tsami. Ɗan ragowar nan da ta zuba cike yake da bakteriya masu rai. Su ne suka kwana suna cin zaƙin madara suna mai da shi tsami, tsamin kuma ya hana ƙwayoyin da ke ruɓar da madara sakewa.

A 1907 wani masani ɗan Rasha, Élie Metchnikoff, wanda ke aiki a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris, ya kawo ra'ayin cewa yawan shan nono mai tsami yana da hannu a tsawon ran manoman Bulgeriya. A 1930 wani likita a Japan, Minoru Shirota, ya ware wata bakteriya da ke iya wuce tumbi ta isa hanji da ranta, kuma daga ita aka fara yin abin shan nan Yakult a 1935. A 2001 wani kwamitin masana na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya ya tsayar da ma'anar furobayotik a kan sharuɗɗa uku: halittar ta kasance da rai, a sha ta gwargwadon da ya isa, kuma ta amfani lafiyar mai sha. Waɗanda aka fi amfani da su su ne dangin Lactobacillus da Bifidobacterium, da wani yis mai suna Saccharomyces boulardii.

Akwai amfanin da aka gwada a jikin mutane aka gani. Alal misali, wasu nau'o'in suna rage gudawar da kan biyo bayan shan antibayotik. Tambayar darasinmu ita ce: ko za su iya yin wani abu a kan tsutsa?

5. Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Tsutsa da bakteriya wuri ɗaya suke zaune, abinci ɗaya ke wuce su. Saboda haka masana suka yi hasashen hanyoyi uku da bakteriya masu amfani za su iya takura wa tsutsa. Suna iya fitar da tsami da wasu sinadarai da za su sa zaman hanji ya yi mata wuya. Suna iya ƙarfafa bangon hanji da majinar da ke lulluɓe shi, ta yadda 'yar tsutsa za ta sha wuya kafin ta huda. Suna kuma iya zaburar da garkuwar jiki. Jiki yana da nasa salon korar tsutsa: hanji ya ƙara fitar da ruwa da majina, ya ƙara motsi, har tsutsa ta kasa riƙewa ta fita da bayan gida. Duk abin da ya ƙarfafa wannan aiki ya taimaka.

An gwada hasashen a jikin ɓeraye. A wajejen shekarar 2000, masu bincike a Meziko sun ba ɓeraye bakteriyar Lactobacillus casei, sannan suka sa musu tsutsar Trichinella, wadda ake ɗauka daga naman da bai dahu ba. Ɓerayen da suka sami bakteriyar sun fi sauran ƙarancin tsutsa. A 2007 a Ajantina an ba ɓeraye wata bakteriya daban, aka ga raguwa mai yawa ta 'ya'yan tsutsar karnuka, Toxocara, a hanta da huhunsu. A 2013 a Jami'ar McMaster ta Kanada, wani nau'in Lactobacillus rhamnosus ya sa ɓeraye sun yi saurin korar tsutsa mai bulala.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce an gama. Amma akwai ɗaya ɓangaren. A 2008 a Sifen an ba ɓeraye Lactobacillus casei, irin dangin da ya taimaka a Meziko, aka sa musu tsutsa mai bulala, sai tsutsar ta ƙara samun gindin zama. A 2014 a Jami'ar Edinburgh an gano cewa wani nau'in Lactobacillus yana taimaka wa wata tsutsar ɓeraye ta kafu a hanji, ita ma tsutsar tana sa shi ya yawaita.

Binciken da ya fi ba da mamaki shi ne wanda aka yi a Jami'ar Manchester ta Ingila a 2010. Ƙwan tsutsa mai bulala yana da marfi a kowane ƙarshe. Da aka duba shi a madubin likita, sai aka ga bakteriyar hanji suna taruwa a bakin marfin nan, kuma sai sun taru yake buɗewa 'yar tsutsa ta fito. Da aka ba ɓeraye antibayotik aka rage bakteriyar cikinsu, tsutsotsin da suka kafu sun ragu ƙwarai. Manomi zai gane wannan da sauri, domin haka ƙuduji yake: irinsa yana kwance a gona shekara da shekaru, ba ya tsira sai ya ji saiwar gero ko dawa kusa da shi. Ƙwan tsutsa mai bulala ma da bakteriya yake gane cewa ya iso inda zai rayu.

Darussa biyu za mu ɗauka a nan. Na ɗaya, kowane nau'in bakteriya da aikinsa. Wanda ya kori wannan tsutsa yana iya taimakon waccan, kuma 'yan dangi ɗaya suna iya yin aiki mabambanci. Na biyu, duk gwaje-gwajen nan a jikin dabbobi aka yi su, a ɗaki mai tsabta, da abinci aunanne. Cikin ɓeran ɗakin gwaji daban yake da cikin yaron da ke wasa a tsakar gida. Magunguna da yawa sun yi aiki a jikin ɓera, da aka zo kan mutum suka gaza.

6. Bakteriya mai ɗauke da makami

Wasu masana sun bi wata hanya dabam. Maimakon su jira bakteriya ta takura wa tsutsa a fakaice, sai suka ɗora mata abin da zai kashe tsutsar kai tsaye.

Samun maganin tsutsa daga bakteriya ba sabon abu ba ne. Ibamektin, wanda ake rabawa da sunan Mectizan don yaƙi da makantar da ƙudan bakin rafi ke jawowa da kuma tundurmi, asalinsa daga wata bakteriya ce da Satoshi Ōmura ya samo a cikin ƙasar Japan. Shi da William Campbell sun sami kyautar Nobel a 2015 saboda wannan aiki.

Akwai wata bakteriyar ƙasa mai suna Bacillus thuringiensis, wadda ake taƙaitawa da Bt. An fara gano ta a Japan a 1901 tana kashe tsutsar siliki, kuma manoma sun shafe shekaru da dama suna fesa ta a gona don kashe ƙwari. Waken nan mai jure tsutsar furen wake, SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru Zariya ta fitar a 2019, ƙarfinsa daga wani sinadarin Bt yake. Bt tana yin sinadarai iri-iri, kowane da halittar da yake kamawa. Ɗaya daga cikinsu, Cry5B, tsutsotsi irin na ciki yake kashewa. Idan tsutsa ta haɗiye shi, sai ya manne a bangon hanjinta ya huda shi. Wurin da yake mannewa babu irinsa a hanjin mutum ko na dabbobin gida, shi ya sa masana suka ɗora masa rai.

Farfesa Raffi Aroian da abokan aikinsa a Amurka su ne kan gaba a wannan bincike. A 2006 an nuna cewa Cry5B yana kashe tsutsa mai ƙugiya a jikin wata 'yar dabba dangin ɓera da ake kira hamsta. A 2013 suka ɗauki umarnin halitta na yin Cry5B suka dasa shi a cikin wata bakteriya da mutane suka saba ci, Bacillus subtilis. Sha ɗaya ya rage tsutsa mai ƙugiya a jikin hamsta da kashi 93 cikin 100. An kuma gwada Cry5B a kan macijin cikin aladu, ya yi tasiri. Daga baya suka sauya dabara, suka koma amfani da Bt kanta, suka riƙa kashe ta bayan ta gama tara sinadarin a cikinta, don kada a saki halittar da aka sauya da ranta. Wannan samfuri da aka ba tumaki ya rage tsutsar Haemonchus da ƙwanta ƙwarai.

Bacillus subtilis ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Ita ce babbar mai aiki a daddawa. Bayan an dafa kalwa an cire ɓawo an sake dafawa, aka rufe ta kwana biyu ko uku, wannan bakteriya ce ke sa ta yi laushi da yauƙi da ƙamshin nan da ke tashi a miya. Ita ce kuma Japanawa ke ruɓar da waken suya da ita. Tana da wata baiwa: idan ta ji wuya takan dunƙule cikin ɓawo mai tauri ta jure zafi da bushewa. Maganin da ba ya bukatar firji babbar ni'ima ce ga ƙasashe irin namu.

Sai dai a kiyaye. Bakteriyar daddawa ba ta ɗauke da Cry5B. A ɗakin gwaji aka dasa shi a cikin 'yar uwarta. Daddawa abinci ce mai gina jiki, amma ba ta maganin tsutsa.

7. Abin da za mu riƙe a yau

Har yanzu babu wani furobayotik a cikin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su don tsutsar ciki. Kafin sabon magani ya kai wannan matsayi, sai an gwada shi a kan mutane kaɗan a ga ba ya cutarwa, a gwada a kan masu yawa a ga yana aiki, a kuma kwatanta shi da wanda ake da shi. Wannan yakan ɗauki shekaru. Binciken yana da kyau, ya cancanci goyon baya, musamman ganin cewa talakawa ne suka fi shan wahalar tsutsa. Amma wanda ya hana ɗansa ƙwayar da ake rabawa kyauta ya koma sayen garin furobayotik mai tsada, ya saki reshe ya kama ganye.

Idan mai talla ya zo muku da irin wannan kaya, ku yi masa tambayoyi huɗu. A kan wa aka gwada shi, mutane ko ɓeraye? Wane nau'in bakteriya ne takamaimai, kuma a kan wace tsutsa? Ina aka ajiye shi, tunda zafin rana yana kashe yawancin irin waɗannan halittu? Yana da lambar hukumar kula da magunguna, kamar NAFDAC a Najeriya? Lambar ma tana nuna hukuma ta san da kayan ne, ba ita ce shaidar yana kashe tsutsa ba. Jariri bakwaini da mai raunin garkuwar jiki sosai kada a ba su furobayotik sai da izinin likita, domin a jikinsu ko bakteriya mai amfani tana iya shiga jini ta yi illa.

Nono da kindirmo kuwa a ci gaba da sha. Abinci ne mai kyau ga yaro, kuma yaron da ya ƙoshi da abinci mai gina jiki ya fi jure ɓarnar tsutsa. A tabbata an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, saboda ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka da wasu cututtuka daga shanu. A kuma kula da ruwan da ake dama fura da shi.

Abin da ke yanke wa tsutsa hanya yana hannunmu tun yanzu:

1. Kowane gida ya yi salga mai marfi, kuma kashin ƙaramin yaro ma a zuba shi a ciki.
2. A wanke hannu da sabulu bayan an zaga, bayan an yi wa yaro tsarki, da kafin a taɓa abinci.
3. A wanke ganye da kayan lambu da ruwa mai tsabta, wanda za a iya dafawa a dafa.
4. Yara da manya su sa takalmi, musamman da damina da lokacin shiga fadama.
5. A kai yara su karɓi maganin tsutsa duk lokacin da ake rabawa. Yaron da bai kai shekara ɗaya ba da mace mai cikin da bai wuce wata uku ba, ba a ba su sai ma'aikacin lafiya ya duba.
6. Masu kiwo su nemi shawarar malamin dabbobi, su ba dabba magani daidai nauyinta, su kuma duba idonta kafin su ɗura mata.

Taƙaitawa

Tsutsotsin ciki ukun nan daga ƙasa suke shigowa, kuma ba sa hayayyafa a jikin mutum. Maganin da ake da shi yana aiki, amma ba ya hana sake kamuwa, kuma a dabbobi tsutsa ta fara daina jin danginsa. Gwaje-gwaje a jikin dabbobi sun nuna wasu bakteriya suna rage tsutsa, wasu kuma suna taimaka mata. Bakteriya mai ɗauke da Cry5B ta ba da sakamako mai kyau a jikin hamsta da tumaki, amma ba ta zama maganin mutane ba tukuna. Kafin lokacin, salga da sabulu da takalmi da ƙwayar asibiti su ne abin dogaro.

Tambayoyi

1. Kawo sunayen tsutsotsi uku da ake ɗauka daga ƙasa, ka faɗi yadda macijin ciki da mai ƙugiya ke shiga jiki.
2. Bayyana tafiyar macijin ciki daga haɗiye ƙwai zuwa girmansa.
3. Idan tsutsa ɗaya tana shan mililita 0.05 na jini a rana, mililita nawa tsutsa 2,000 za su sha a kwana 10?
4. Waɗanne sharuɗɗa uku ne ke sa a kira abu furobayotik?
5. Me masu bincike na Manchester suka gano game da ƙwan tsutsa mai bulala?
6. Don me daddawa ba ta maganin tsutsa, alhali bakteriyarta dangin wadda aka yi gwaji da ita ce?

Aikin yi

Ku rabu rukuni-rukuni. Rukuni na farko ya ziyarci asibitin da ke kusa ya tambayo lokacin da za a raba maganin tsutsa na gaba da shekarun yaran da ake ba wa. Rukuni na biyu ya zagaya unguwa ya rubuto wuraren da ƙwan tsutsa zai iya taruwa, da abin da za a yi a kan kowane. Rukuni na uku ya duba idon awaki ko tumaki biyar tare da mai kiwo, ya rubuta launin da ya gani. A zama na gaba kowane rukuni zai karanta wa aji abin da ya samo.